Kun Tambaya, Mun Amsa: Yadda ake auna wuta inda babu nauyi

Wasiƙun wannan fitowar sun taru a kan abu guda, wato wutar da ake kunnawa inda jan ƙasa ya yi rauni ƙwarai, da kayan da ake auna ta da su. Masu binciken ƙonuwa da injiniyoyin na'urorin awo da ke taya mu wannan fili ne suka amsa. Mun taƙaita wasu wasiƙun. Duk inda aka ga K, ma'aunin Kelbin ake nufi. A cire 273 sai a sami digirin Selshiyos.

Assalamu alaikum. Na ji ana gwada wuta a cikin akwatin da ake saki daga saman hasumiya, wai sakan biyu kacal. Me za a auna a sakan biyu? Kuma yaya ake sanin nauyin ya tafi da gaske?
*Daga wani malamin kimiyya*

Wa alaikumus salam, Malam. Tambayarka ta biyu ita ce uwa, da ita za mu fara. Nauyi raguwa yake yi, ba ya tafiya gaba ɗaya. Shi ya sa na'urar farko da ake ɗaurawa a jikin akwatin gwaji ba ruwanta da wuta: ma'aunin fizga ce, mai rubuta ɗan jan da ya saura ta fuska uku, sama da ƙasa, gaba da baya, hagu da dama.

A doron ƙasa, iskar da wuta ta ɗumama tashi take yi sama, sabuwa ta shigo ta ƙarƙashi. Ga harshen wuta mai tsawon santimita 1, gudun wannan iska ya kai wajen santimita 30 a sakan. Matsalar ita ce gudun ba ya raguwa kafaɗa da kafaɗa da nauyi; sai an rage nauyi sau ɗari yake raguwa sau goma. Ɗauki jirgin sama mai hawa ya sulalo a lanƙwashe, irin Airbus A310 na kamfanin Novespace da ke tashi daga Bordo a Faransa. Yana ba da kimanin sakan 22 a kowane zagaye, amma jan da ya saura ya kai kusan kashi 1 cikin 100 na na ƙasa. Wato har yanzu akwai iska mai gudun santimita 3 a sakan tana kaɗa wutar, alhali oksijin da ke sirɗaɗowa da kansa zuwa ga harshen bai wuce wajen santimita 1 a sakan ba. Ka ga ke nan wutar da ake son gani cikin iska tsit ba za ta samu a jirgi ba. Wanda duk ya kawo mana sakamakon jirgi babu rubutun ma'aunin fizga a gefensa, mu kam ba mu karɓa.

Hasumiya ta fi tsabta nesa ba kusa ba. Ta cibiyar Glenn ta hukumar NASA a Cleveland, jihar Ohayo ta Amurka, faɗuwar mita 24 ce, sakan 2.2. Ba a zuƙe iskar cikinta. Ana saka akwatin a cikin wata garkuwa mai nauyi wadda ita ke karo da iska, akwatin kuma yana faɗuwa a sake a cikinta, da tazarar santimita 19 da zai cinye kafin a iso ƙasa. A wannan cibiyar akwai kuma rijiya da ke aiki tun 1966, wadda ake zuƙe wa iska, faɗuwar mita 132, sakan 5.18. Hasumiyar Bremen a Jamus tana ba da sakan 4.74, ko 9.3 idan aka cilla akwatin daga ƙasa ya haura ya dawo, kuma jan da ke saura a can yakan sauka har kusan kashi 1 cikin miliyan.

Saukar ce ke cin kayan awo. A rijiyar Glenn akwatin kan nutse cikin ƙwayoyin roba mai kumfa, bugun kuma yakan kai ninki 65 na nauyinsa. Don haka kowane gilashin kyamara sai an kulle shi da noti, kowane madubi sai an kafe shi, kuma bayan kowace faɗuwa a sake ɗaukar hoton allon awo a tabbatar babu abin da ya goce.

Sakan biyu ya isa a ga kamawar wuta, da yadda harshe ke sauya siffa ya zama ƙwallo, da ƙonewar ƙaramin ɗigon mai. Da ƙasa da sakan ɗaya Seiichiro Kumagai ya soma wannan aiki a Japan a shekarun 1950. Abin da bai isa ba shi ne a ga wutar ta zauna daram, domin lokacin da zafi ke ɗauka ya bazu yana ninkuwa huɗu duk sanda girman wutar ya ninku biyu. Akwai kuma ciwon kai na lokacin kunnawa. In an kunna kafin saki, iskar da ta riga ta soma tashi za ta ci gaba da tafiya cikin gwajin. In an kunna bayan saki, zafin makunnin ya cinye wani kaso na ɗan lokacin. Mai son mintuna sai ya tafi tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, inda aka kai ɗakin ƙona mai cin lita 100, mai tagogi takwas, a 2008. Can ma ba a huta da ma'aunin fizga ba, don motsa jikin 'yan sama jannati da famfuna da injinan gyara zaman tashar duk suna girgiza wuta.

Ni ɗalibar injiniya ce. A ɗakin gwaji da tamokoful muke auna zafin wuta. Na lura masu aikin rashin nauyi ba su cika dogara da shi ba. Laifin me ya yi?
*Daga wata ɗaliba*

Malama, ana amfani da shi har gobe, sai dai da taka-tsantsan. Ga waɗanda ba su san shi ba, tamokoful wayoyi biyu ne na ƙarfe daban-daban da aka haɗe bakinsu ya zama ɗan ƙulli, ƙullin yana ba da lantarki gwargwadon zafinsa. A cikin harshen wuta akan yi amfani da na filatinam da rodiyam, nau'in R ko S ko B, da waya mai kaurin maikromita 25 zuwa 75 (maikromita dubu ne milimita 1). Nau'in K da kuka saba da shi yakan gaza daga wajen digiri 1,250 na Selshiyos.

Abin da za ki riƙe shi ne, zafin ƙullin yake faɗa miki, ba na iskar da ke kewaye da shi ba. Ƙullin yana karɓar zafi daga iska, yana kuma zubar da shi ta hanya biyu: ta huci, wato zafin da ke fita kamar haske zuwa bangon ɗaki mai sanyi, da kuma ta jikin wayar. Ga lissafi. Ƙulli mai faɗin maikromita 100 yana nuna 1,600 K cikin iska marar motsi. Filatinam mai tsabta kusan kashi 20 cikin 100 yake fitarwa na hucin da baƙin abu zai fitar, saboda haka iskar ta fi abin da ya nuna da wajen digiri 40. Ninka faɗin ƙullin, gyaran ya ninku. Idan kuwa kunkunniya ta rufe shi ya yi baƙi, gyaran ya haura digiri 170, kuma yana ƙaruwa ne ana tsakiyar gwaji yayin da ƙullin ke ƙara kauri. Alamar da za ki gane hakan ita ce ki ga awon yana sauka a hankali alhali hoton wutar bai sauya ba.

Sai jinkiri. Ƙullin maikromita 100 yana ɗaukar kusan kashi 3 cikin 100 na sakan ya cim ma yawancin canjin zafi. Na rabin milimita kuwa kusan sulusi biyu na sakan. A hasumiyar sakan 2.2, wannan na biyun bai gama farkawa ba akwati ya iso ƙasa.

Zubar zafi ta waya a doron ƙasa akan magance shi ta shimfiɗa wayar a layin da zafinsa ɗaya ne, tsawon da ya ninka kaurinta sau ɗari biyu ko fiye. To a rashin nauyi harshen ƙwallo ne, layin da zafinsa ɗaya ne lanƙwasasshe ne, miƙaƙƙiyar waya dole ta ratsa wuri mai sanyi. Ga kuma halin filatinam na zuga ƙonuwa a jikinsa idan akwai mai da oksijin a gauraye, sai ya nuna fiye da gaskiya. Akan shafa masa siririn rufin silika, rufin kuma ya sauya yawan hucin da yake fitarwa, lissafi ya koma sabo.

Amma babban dalilin shi ne raunin wutar kanta. Ƙwallayen wutar da aka nazarta a kumbon Columbia a 1997, waɗanda Yakov Zeldovich ya yi hasashensu tun 1944 kuma Paul Ronney ya fara gani a hasumiya a 1984, kowanne kimanin wat 1 yake bayarwa. Ƙaramin kyandir yana ba da wajen wat 50. Wuta irin wannan tana bakin mutuwa ne tun asali, ɗan zafin da waya za ta sace mata ya isa ya karkatar da ita ko ya kashe ta. A irin wannan hali tamokoful a nesa da harshe ake girke shi, ya auna yadda zafi ke bazuwa waje.

Abin da ya karɓi aikinsa a cikin harshe shi ne zaren silikon kabaid mai kaurin kusan maikromita 14, wanda gashin kai ya ninka shi sau da yawa. A miƙe zaren ya ratsa wutar, ya yi ja, a ɗauki hotonsa da kyamara mai launi, a kwatanta ƙarfin ja da kore da shuɗi a kowane ɗigon hoto. Zare ɗaya sai ya ba ki zafin layi guda sukutum, ba wuri ɗaya ba, kuma yana bin canji cikin 'yan milisakan. Sharuɗɗansa: a kashe duk wani gyaran launi da kyamara ke yi da kanta, a adana hoton ɗanye, kada ko launi ɗaya ya cika ya tumbatsa, a gwada kyamarar da gilashinta da tagar ɗakin gaba ɗaya a gaban tanderun da aka san zafinsa. A cire hasken kunkunniyar da ke bayan zaren. Shi ma zaren yana buƙatar gyaran huci. Ƙasa da wajen 1,000 K kyamarar gama-gari ba ta ganinsa sosai, kuma idan ya daɗe a wuta yakan tsufa, fatarsa ta sauya, sai a canja shi.

Akwai hanyar da ba ta taɓa wutar ko kaɗan, ita ce shiliren mai bakan gizo. A ratsa farin haske ta cikin wutar, iska mai zafi ta karkatar da shi, ya faɗa kan mataci mai launuka jere, launin da ya fito ya nuna yawan karkatar. Tana jure girgiza fiye da na'urorin da ke haɗa hasken leza biyu, amma sai an san irin iskar da ke wurin kafin a juya karkata ta zama zafi.

Yaya ake auna ɗigon mai da ke ci da wuta yana shawagi, tunda ba a taɓa shi?
*Daga wani ma'aikacin ɗakin gwaji*

Da inuwarsa, Malam. A tashar sararin samaniya allurai biyu ne ke fuskantar juna, a turo mai tsakaninsu ya taru, a ɗan ja su ɗigon ya miƙe, sannan a fizge su lokaci guda da gudu ɗaya. In ɗaya ta riga ɗaya, ɗigon ya ɗauki hanya ya fice daga idon kyamara. Wayoyi biyu masu zafi su matso daga gefe da gefe su kunna, su ja da baya. Idan ana son ɗigon ya tsaya wuri guda sai a rataye shi a siririn zare, a kuma amince cewa zaren zai kai masa ɗan zafi ya ɗan ɓata masa siffa.

Ana haska leza mai launi ɗaya daga baya, a sa wa kyamara matacin da wannan launin kaɗai ke wucewa don hasken wutar kada ya shiga. Ɗigon sai ya fito baƙi ƙirin a farin fili. Kwamfuta ta ƙirga faɗin filin inuwar, ta fitar da faɗin da'irar da ta yi daidai da shi, don ɗigon kan yi rawa bayan saki. Sannan a ninka faɗin da kansa, a zana shi a kan lokaci. Tun 1953 aka san zanen yakan fito kusan miƙaƙƙen layi mai gangarowa, gangarensa kuma shi ne saurin ƙonewa. Ga ƙaramin ɗigon heftan, wani mai daga cikin sinadaran fetur, a iska ta yau da kullum, wajen murabba'in milimita 0.7 ne a sakan. Ɗigon milimita 1 ke nan zai ƙare cikin sakan ɗaya da rabi, ya dace da hasumiya. Na milimita 4 yana buƙatar fiye da sakan 20.

Kuskuren yana bakin inuwa. A ce kyamara tana kallon faɗin milimita 30 da ɗigon hoto 1,024. Kowane ɗigon hoto kusan milimita 0.03 ne. Ka yi kuskuren guda ɗaya a kowane gefe a kan ɗigon mai na milimita 1, ka ɓata faɗi da kashi 6 cikin 100, ninkinsa kuma da kashi 12. Don haka ƙarshen layin, inda ake neman girman da wuta ta mutu, nan ne awon ya fi rauni. Magani shi ne a ɗauki hoton ƙwallon ƙarfe da aka san faɗinsa a daidai inda ɗigon zai tsaya, a saita iyakar baƙi da fari da shi. Idan kunkunniya ta kewaye ɗigon, kwamfuta takan haɗa ta cikin ƙirga, dole mutum ya bi hotunan ɗaya bayan ɗaya.

Na ji wai an gano "wuta mai sanyi" a sararin samaniya ba tare da an gan ta ba. Anya kuwa? Ai gani ya kori ji.
*Daga wani mai karatu*

A wannan karon, ɗan'uwa, ji ne ya kori gani. Abin ya faru ne a gwajin FLEX da Forman Williams na Jami'ar Kalifoniya a San Diyego ya jagoranta, aka kuma wallafa shi a 2012. Babban ɗigon heftan, wanda ya haura milimita 3, harshensa kan faɗaɗa har hucin da yake zubarwa ya fi zafin da yake samarwa, sai ya mutu da sauran mai da yawa. Kyamara mai launi ta nuna duhu. Amma layin inuwa da muka yi bayani a sama bai kwanta ba, ya ci gaba da gangarowa a miƙe, da saurin da bushewa kawai ba za ta iya kawowa ba, sannan kwatsam ya kwanta, hazon tururin mai ya taru kewaye da ɗigon. Ruwa ba ya tsami banza. Ma'aunin huci ma ya nuna akwai sauran zafi mai fita a wannan tsakanin. Wuta ce ta biyu, mai zafin wajen 700 zuwa 800 K, alhali ta farkon ta ninka haka, kuma ba ta ƙona man har ƙarshe. Fomaldihaid da kabon monoksaid take bari.

Ma'aunin hucin ƙaramin faifai ne baƙi da ke ɗumama idan huci ya sauka a kansa. Akan girke biyu, ɗaya mai karɓar kusan komai, ɗaya mai matacin da ke zaɓar hucin tururin ruwa. Kabon dayoksaid yana fitar da nasa hucin a tsawon zangon haske na maikromita 4.3, tururin ruwa a 2.7 da 6.3, duk a infared da ido ba ya gani. Kurakuransa sanannu ne: yana ganin makunni tun kafin ya huce, yana ganin hucin da bango ya mayar, sifilinsa na gocewa idan jikinsa ya ɗumama, kuma idan ɗigo ya matso kusa da shi awon ya hau ko da wutar ba ta ƙaru ba. Sai an gyara da nisan da kyamara ta nuna.

Ko wuta mai zafin ma, a rashin nauyi sau da yawa shuɗiya ce dishi-dishi. Shi ya sa ake sa kyamara mai ninka haske da mataci. Ɓarɓashin OH, wato guntun oksijin da haidirojin da ke samuwa a cikin harshen wuta, yana haske a zangon nanomita 310, na CH, wato kabon da haidirojin, a 431 (nanomita dubu ne maikromita 1). Na farkon yana can bayan shuɗi, inda gilashin gama-gari ke shanye shi, saboda haka tagar ɗaki da gilasan kyamara dole su zama na kwaz, wato gilashin silika zalla, ko makamancinsa. Wanda ya sa gilashin gama-gari zai ga baƙin hoto ya ce babu wuta. A kuma rufe idon kyamarar lokacin kunnawa, don hasken makunni na iya ƙona mata fuska. Wuta mai sanyi kuwa ba ta ba da hasken OH da CH kamar mai zafi. Nata hasken na fomaldihaid ne, rarrauna ƙwarai, sai an nemo shi da mataci na musamman.

Kunkunniya fa? Tunda hayaƙi ba ya tashi sama, ina take zuwa, kuma da me ake auna yawanta?
*Daga wata mai koyar da kimiyyar sinadarai*

Tana daɗewa a cikin wutar, Malama, shi ya sa ƙwayoyinta ke samun lokacin manne wa juna su yi manyan curi fiye da na ƙasa. Kewaye da ɗigon mai har ɓawo takan yi: zafin harshe yana tura ta ciki wajen sanyi, tururin man yana tura ta waje, ta tsaya inda suka yi kunnen doki.

Yawanta da leza ake aunawa. A faɗaɗa hasken, galibi ja na wajen nanomita 633, ya ratsa wutar duka ya sauka a kyamara, a ga kashi nawa ya ɓace. Hoto huɗu ake buƙata: leza babu wuta, leza da wuta, wuta babu leza, da kuma duhu zalla. Na uku cire shi ake yi daga na biyu, na huɗu kuma daga na farko, kafin a raba. Masu gaggawa sukan tsallake na uku, sai hasken wutar ya cike gurbin wanda ya ɓace, kunkunniyar ta fito ƙasa da yadda take.

Ga inda masana ke gardama. Juya ɓacewar haske zuwa yawan kunkunniya yana buƙatar wata lamba da ke nuna yadda take shanye haske, kuma lambobin da ake amfani da su sun kama daga wajen 5 zuwa kusan 9 ko fiye. A ce kunkunniya ta cike kashi 1 cikin miliyan na fili, a hanyar santimita 2. Da lamba 8.6, kashi 76 cikin 100 na hasken zai wuce, da 4.9, kashi 86. Juya lissafin, ka ga awo ɗaya na iya ba da amsoshi biyu da suka kusa ninka juna. Kafin ki kwatanta sakamakon mutum biyu, duba lambar da kowannensu ya ɗauka.

Abu na biyu, leza jimillar abin da ke kan hanyarta take nunawa. Sanin nawa ne a tsakiya, nawa a gefe, sai da lissafin Abel, mai ɓare wutar kamar ɓawo bayan ɓawo daga waje zuwa ciki. Lissafin ya ginu ne kan cewa wutar daidai take ta kowane gefe, kuma kurakuran waje suna taruwa a tsakiya. Wutar da girgiza ta karkatar ba ta dace da shi ba.

Ganin ƙwayoyin kansu sai an ɗebo. Wani ɗan faifan raga mai faɗin milimita 3 ake harbawa cikin harshe, ya tsaya 'yan gomomin milisakan ya fice. Da yake sanyi gare shi, kunkunniya kan manne masa. A na'urar hangen ƙananan abubuwa ta lantarki ƙwayoyin sukan fito nanomita 20 zuwa 50 kowace. Ya daɗe, su hau kan juna ko ragar ta ƙone. Shigarsa kuma tana tura iska, wutar da babu abin da zai mayar da ita daidai da wuri ta hargitse, saboda haka shi ne aikin ƙarshe a jerin gwajin. Gerard Faeth na Jami'ar Mishigan ya haɗa leza da wannan ɗiba a gwajinsa na kumbon Columbia a 1997.

Ɗakin ƙona a rufe yake. Oksijin ba ya ƙarewa ana cikin gwaji?
*Daga wani ɗalibi*

Ya danganta da wutar. Lita 100 a matsin iska na yau da kullum tana ɗauke da wajen giram 28 na oksijin. Ɗigon heftan na milimita 4 miligiram 23 ne, abin da zai ci bai kai rabin kashi 1 cikin 100 na oksijin ɗin ba. Amma yawancin abubuwan ƙonawa suna ba da kusan kilojul 13.1 a kan kowane giram na oksijin, don haka harshen gas mai wat 100 zai ci fiye da kashi ɗaya da rabi cikin 100 a minti. Tarkon shi ne, da yake iskar ba ta gaurayuwa da kanta, ƙarancin yana kewaye da wutar ne, ma'aunin da ke bango bai san da shi ba. Bayan gwaji sai a kunna fanka a gauraya sannan a auna. Kafin gwaji na gaba kuma a kashe fankar a jira iskar ta kwanta.

Mu masu aikin kashe gobara a rufi muke kafa na'urar jin hayaƙi. A kumbo ina ake sa ta?
*Daga wani jami'in kashe gobara*

A hanyar iskar fanka, Malam, don hayaƙi inda fanka ta ja shi nan yake bi. Iskar da ke zagaya ɗakin 'yan sama jannati, daga 'yan santimita zuwa wajen 20 a sakan, ita ce ke kai hayaƙi ga na'ura, ita ce kuma ke ciyar da wutar, shi ya sa kashe fankoki ke cikin matakan farko idan an ji gobara. Auna iska mai wannan sanyin gudu aiki ne mai wuya. Ma'aunin waya mai zafi da aka saita a doron ƙasa yakan yi ƙarya a can, domin a ƙasa ɗumin wayar kansa yana tayar da 'yar iska da ta shiga cikin saitin. Ƙurar da ake watsawa don bin sawun iska da leza kuwa, kusa da harshe zafi kan ture ta gefe, ta daina bin iskar.

Na'urorin jin hayaƙin iri biyu ne, kamar naku. Jiragen kumbon Amurka masu zuwa su dawo sun yi amfani da mai aiki da cajin iska, wadda ta fi jin ƙananan ƙwayoyi. Ɓangaren Amurka na tashar sararin samaniya yana amfani da mai hasken leza, wadda ta fi jin manya. A gwajin SAME na 2007 da 2010 an ɗumama kayan da ake samu a kumbo har suka yi hayaƙi ba tare da sun kama da wuta ba, aka auna hayaƙin da na'urori uku, ɗaya mai ƙirga yawan ƙwayoyi, ɗaya mai aiki da caji, ɗaya mai kiyasta nauyi da haske, aka haɗa ukun aka fitar da girman ƙwayoyin. Robar silikon da lagwanin auduga sun ba da manyan ƙwayoyi da na'urar leza ta ji da sauƙi. Teflon da Kapton, waɗanda su ne rufin wayoyin lantarki da yawa a kumbo, ƙwayoyinsu ƙanana ne, kuma su ne na'urar leza ta fi shan wahalar ji.